Tsohon CBR600: sabon bodi na China, a tuɓe shi, ko a lallaɓa nasa na asali?

Duk wanda ya sayi tsohon fawa baik ɗan beljiyam, tun kafin ya sallami dillali hankalinsa ya riga ya tafi kan yadda zai canza masa kama, don da wuya kaga wanda yazo da bodi lafiyayye, ko gefe ɗaya ya gurje, ko kunnuwan da ake ɗaure noti sun kakkarye an ɗaure da waya, ko fentin ya koɗe yayi fari-fari. Hanyoyi uku mutane ke bi. Wani yayi odar sabon bodi sukutum daga China, wani ya cire robobin gaba ɗaya ya bar injin a waje irin salon da ake kira sitirit faita, wani kuma ya lallaɓa na asalin da faci da fenti ko sitika. Zan ɗauki Honda CBR600 na da a matsayin misali saboda sanannen mashin ne kuma kayansa basu da wahalar samu kamar na wasu, amma mai Yamaha R6 na farko-farko ko Suzuki GSX-R ma zai tsinci abinda ya shafe shi.

Kafin komai ka san wanne ne a hannunka, don CBR600 suna ne ɗaya amma mashinan daban-daban ne. F2 daga 1991 zuwa 1994 ne, F3 daga 1995 zuwa 1998, dukansu shasin ƙarfe da kafireta guda huɗu. F4 yazo 1999 da 2000 da shasin alminiyam amma har lokacin kafireta ne, sai F4i daga 2001 zuwa 2006 wanda shi injekta ne. A jikin lambar shasi zaka ga PC25 in F2 ne, PC31 in F3 na Turai ne (F3 na Amurka shima PC25 yake ɗauka), PC35 kuma F4 da F4i. In mashin ɗin daga Amurka aka kawo shi, harafi na 10 a lambar shasi shine shekara, W 1998, X 1999, Y 2000, daga nan 1 na nufin 2001 haka har gaba. Kar ka dogara da abinda mai sayarwa ya faɗa maka, kowa nasa 2005 ne a baki. Wannan bambancin na kafireta da injekta shine zai yanke rabin hukuncin, zan dawo kansa.

Mu fara da bodin China tunda shi yafi jan ido. Ka shiga AliExpress ko ka yiwa wani mai kawo kaya daga Guangzhou magana, za'a turo maka hotuna kala-kala, na Repsol mai ruwan lemo da ja, baƙi wuluk, fari da shuɗi, duk wanda ranka yake so, kuma gaskiya ranar da aka gama ɗaurawa mashin ɗan shekara 20 zai koma kamar yau aka sauke shi daga kwali. Amma robobin nan iri biyu ne. Akwai wanda ake narka robar a tura ta cikin mazubi, shi ake cewa injekshan, ramukan notinsa a huje suke zuwa kuma kunnuwansa a jikinsa suke, sai wanda ake dannawa da zafi, kwamfureshan kenan, yafi arha amma sau da yawa sai an ƙara huji an kankare baki an ɗan gasa shi kafin ya zauna, kuma inda ka tilasta roba ta zauna to nan zata fara tsagewa in ka shiga gargada. In zaka saya ka sayi na farkon, bambancin kuɗin bai kai ɓacin ran ba.

Inda mutane suka fi ƙonewa a odar nan shine shekara. F4 fitila ɗaya gare shi, F4i biyu, gabansu baya shiga na juna haka kawai. A F4i ɗin ma akwai mai kujera rabe biyu da mai kujera doguwa guda ɗaya, a Amurka 2001 zuwa 2003 rabe take, 2004 zuwa 2006 doguwa, a Turai kuma an sayar da kala biyun a lokaci guda, mai rabewar suna ce masa Sport. Robar bayan F3 na 1995 da 1996 ma ba ɗaya bane dana 1997 da 1998. Kaya in ya taso daga China ya iso Kano ko Kaduna sannan ka gane bayan baya shiga, wa zaka mayarwa? Ka ɗauki hoton mashin ɗinka gaba da baya da gefe ka tura kafin ka biya ko sisi. Sannan ka tabbata an haɗo maka da takardar nan mai ƙyalli ta tare zafi da ake mannawa ta ciki wajen da robar ƙasa ke kusa da bututun salansa, in babu ita robar zata kumbura ta narke, ka sayi sababbin notuna da robobin da suke zama a ramukan don tsofaffin sun bushe. Fentin China kuma baya jure ranar arewa kamar na kamfani, musamman ja da ruwan lemo, in mashin a waje yake wuni to ka tanadi tamfol.

Kuɗin kuma da dala ake lissafinsa, ga kuɗin dako don kwalin babba ne ko da bashi da nauyi, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abinda zai tsallako ruwa ya zama sai an yi shawara da aljihu.

Sai tuɓewa. Wannan salon asalinsa daga Turai ne, Ingila musamman, wajen ƙarshen shekarun 1980, samari ne da suke faɗuwa da mashinan tsere basu da kuɗin sabon bodi sai su cire ragowar su sa fitila zagayayya da dogon kai su ci gaba da hawa, har kamfanoni suka ga abin ya karɓu suka fara ƙera nasu, Ducati Monster a 1993, Triumph Speed Triple a 1994. Shi yasa mutane suke ɗauka shine hanya mai arha, cirewa ne kawai ai. Wallahi ba haka bane. Mashin da aka ƙera da bodi, duk tarkacen da injiniyoyin basa so a gani a ƙarƙashin robar suka cusa shi, kana cirewa zaka ga damin wayoyi a gaba, akwatin fiyus, rilee, robar ruwan lagireto, hon, ƙarfen da yake riƙe da fitila da agogon gudu, duk sai an samo musu sabon mazauni, in aka yi aikin ganin dama mashin sai ya fito kamar kazar da aka fige. Mai walda zai ƙera maka mariƙin fitila da na agogo, irin aikin da 'yan Panteka a Kaduna suka iya, amma wayarin shine wajen da ake buƙatar mai haƙuri, wanda zai warware ya sake bi da su ƙarƙashin tanki ya naɗe, ba wanda zai yanka ya murɗa ya liƙa tef ba, don ranar da ruwan sama ya shiga nan zaka fara tura mashin mai kilo wajen 200.

Ga maganar kafireta ɗin. F3 da F4 suna da hanyar iska a gaba, bututu ne da yake kamo iska ya tura cikin akwatin iya kilina in kana gudu, kuma an haɗa shi da ƙananan tiyo da suke kaiwa kofunan kafireta don matsin iskar ya zama daidai a ɓangarorin biyu. In ka cire gaban ka watsar da bututun nan ba tare da sanin yadda za'a daidaita tiyon ba, a cikin gari mashin zai yi kamar lafiya lau, kana hawa babban titi ka buɗe totur sai ya fara shaƙewa yana ja da baya, bakanike yayi ta wanke kafireta yana canza filogi alhali ba nan matsalar take ba. Ana iya gyarawa, amma sai wanda ya san kan abin, kuma irinsu ba'a kowane gareji suke ba. F4i yafi sauƙin kai a nan tunda kwamfuta ce ke auna mai, sai dai shima yana da tarkonsa, akwai wata 'yar na'ura a gaba wajen fitila da take kashe inji in mashin ya faɗi, in aka ɗaure ta a karkace ko aka barta tana lilo to ko yaƙi tashi ko ya mutu maka a tsakiyar titi. Na Turai kuma da yawa suna da HISS, wato makulli mai cif, kar ka bari kowa ya taɓa wajen makullin da sunan gyaran fuska.

Dogon kai shima ba ɗaurawa kawai bane. Sai an huda farantin saman fok ko an sayo wani, sai an ƙara tsawon tiyon birki da wayar totur da ta kuloci, sannan a duba kar kan ya daki tanki in ka karya shi gaba ɗaya. Amfaninsa a fili yake, zaka zauna a miƙe, bayanka da wuyan hannunka su huta, juyi a lungu ko kutsawa a go-sulo yafi sauƙi, kuma in ya kife a tsaye asarar kaɗan ce. Abinda zaka rasa shine kariyar iska. Daga kilomita 120 zuwa sama iska a ƙirjinka zata dinga sauka, tafiyar Kano zuwa Abuja sai ka sauka wuyanka kamar ba naka ba, ga gaban ya rage nauyi tunda jikinka ya koma baya. Kuma CBR600 na wancan zamanin dama can hannayensa a saman farantin suke, ba irin na CBR600RR da ya fito 2003 bane da sai ka kwanta a tanki, to ribar da zaka samu bata kai yadda ake zuzutawa ba.

Wani abu da ake yawan faɗa wai tuɓe mashin yana sa inji ya daina zafi. A go-sulo ba bodi ne ke sanyaya inji ba kuma ba shi ke hana shi sanyi ba, fanka ce da lagireto. In allura tana haurawa ka duba ko fankar tana tashi in zafi ya wuce digiri 100, ka wanke haƙoran lagireto da ƙurar hunturu ta toshe, ka zuba ruwan kulan na gaske ba ruwan rijiya ba, kuma kar ka yarda a cire maka tamostat. Tuɓaɓɓen mashin ma lagiretonsa a buɗe yake ga tsakuwa, sai ka sa masa raga.

Ni a ganina in dai tuɓaɓɓen mashin kake so tun asali, ka sayar da CBR ɗin ka nemi Honda Hornet 600, wanda ya fito 1998 da injin gidan CBR600 ɗin nan, kamfani ne ya ƙera shi a haka wayoyinsa a ɓoye, ko CB400 Super Four in gudun bai dame ka ba. Tuɓewa tana da ma'ana ne in gaban mashin ya riga ya dagargaje, fitila ta fashe ƙarfen riƙonta ya lanƙwashe, wanda sayen su duka zai kusa kai rabin kuɗin mashin ɗin. Ka kuma sani ranar sayarwa mai saye zai fara tambayar hatsarin me yayi, ko bai taɓa faɗuwa ba.

Hanya ta uku ita mutane suka fi rainawa kuma ita nafi so. Robar Honda ta asali ko ta tsufa tafi ta China kauri da zama daram, ramukanta basa gardama. Irin robar da ake kira ABS ce, ana narka ta a haɗe tsagewar ta ciki da guntun roba irinta, masu gyaran bambar mota da yawa sun iya, abinda baya riƙewa shine sufa gulu da garin toka ko a shafe tsagar da bodi fila a fesa fenti, wata biyu zata sake buɗewa. In ɓangare ɗaya ne ya lalace sosai sai a nemi na beljiyam, a tambaya Ladipo a Legas ko a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja, ko a wajen masu yanka mashinan da suka yi hatsari. Daga nan sai zaɓi tsakanin fenti da sitika. Fenti mai kyau da aka bi da kiliya a sama yafi daɗewa kuma fetur baya cinsa da wuri, amma yana son mai fenti da yake da rumfa rufaffiya, in a fili aka fesa lokacin ƙura to da yashi a ciki zai bushe. Sitikar naɗewa kuma tafi saurin aiki, ka gaji da kalar ka ɓare ka sa wata, sai dai bata ɓoye rami ko gurjewa, duk abinda ke ƙasa zai nuna, kuma mai arha a rana bakinta yake fara ɗagowa. Tanki dai fenti yafi masa saboda mai da yake zuba a kai. Kalar da zaka zaɓa kuma ka tuna takardun mashin suna ɗauke da kala, in ka mayar da ja baƙi ka gyara takarda kafin wani jami'i a hanya ya tuna maka, kalar kakin soja kuma ko da wasa kar ka fara, haka fitilu masu walƙiya ja da shuɗi.

To duk wannan kwalliya ce, kuma duk wadda ka zaɓa a cikin ukun akwai kuɗin da ya kamata ka ware tun kafin ka kira mai fenti, don mashin mai ƙarfin doki wajen 100 ba Bajaj bane. Taya farko. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida ko zanenta na nan ta bushe, kuma yawancin beljiyam da irinta suke zuwa. F4 da F4i 120/70 suke ɗauka a gaba da 180/55 a baya, rim 17, F3 kuma 160/60 a baya. Masu son faffaɗar taya suna cusa 180 a F3 ko 190 a F4i don a gani daga baya, rim ɗin ya matse ta siffarta ta canza mashin ya dinga gardama a kwana, gyaran gangar Abzinawa kenan. Tsakanin tayar tsere irin Pirelli Supercorsa da ta tafiya irin Michelin Road ko Pirelli Angel GT, ta biyun ce tamu, tafi daɗewa nesa ba kusa ba kuma tana kama ƙasa tun bata yi zafi ba. Iska PSI 36 gaba 42 baya Honda ta rubuta, ka sayi gejinka, na mai faci ba abin dogaro bane.

Birki, a zuƙe tsohon man a zuba DOT 4 sabo, tiyon roba da ya shekara 20 yana kumbura in ka matsa, a canza shi da mai saƙar ƙarfe, wannan kaɗai zaka ji hannun birkin ya tsaya. Fok kuma a canza mai da sil, in kaga mai yana tsatsafowa a jikinsa to kan faifan birki zai ƙare. A saita shokazoba daidai nauyinka, in ka hau mashin ya sauka kamar milimita 30 zuwa 35, F4i duk yana da wajen saitin nan gaba da baya amma mutane sai su shekara basu taɓa shi ba. Masu saukar da mashin ƙasa don ƙafa ta kai, ku tuna tudun rage gudu na unguwanni, salansa da robar ƙasa su zasu biya, gara a rage soson kujera. Dogon bayan nan da ake ja kamar na 'yan tseren miƙaƙƙen titi a Amurka kuma hoto kawai yake yiwa kyau.

Sifoket yana canza halin mashin fiye da salansa kuma yafi arha. F4i da haƙori 16 a gaba 46 a baya yake zuwa. In ka sa 15 a gaba tashinsa zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, in ka haɗa da 48 a baya ya haura kashi 11, a gari daɗi, amma a doguwar hanya inji zai dinga kuka sama yana shan mai, ga fetur ɗin yanzu, kuma agogon gudu zai dinga nuna fiye da gaskiya tunda daga giya yake karantawa. Wanda yawonsa cikin gari ne ya rage ɗaya a gaba ya tsaya nan, matafiyi ya barshi yadda yake. Cen da sifoket tare ake canza su.

Salansa kuwa kowa na so, nima ina son kukan inji huɗu in ya buɗe. Canza tukunyar baya kawai baya ƙara wani ƙarfin kirki, sauti ne da rage nauyi, kuma yawancin masu tambarin Akrapovic da Yoshimura da ake sayarwa da arha kwaikwayo ne, ba laifi in ka san abinda ka saya. In ka canza bututun tun daga inji to dole a sake saita mai, a kafireta a canza jet, a F4i a sa na'urar saita mai irin Power Commander, in ba haka ba mai zai yi kaɗan inji yayi ta zafi yana harbi. Iya kilina kuma ka bar akwatin kamfani da matatarsa, buɗaɗɗun nan da ake ɗaurawa a bakin kafireta ba na ƙasar da ake hunturu bane. Ka bar abin rage ƙara a cikin salansar saboda fitar asuba, maƙwabta ma suna da haƙƙi.

Abu biyu da CBR600 na wannan zamanin ya shahara da su, rektifaya mai daidaita cajin batir da take ƙonewa da kuma abin ɗame cen ɗin cikin inji da yake fara kaf-kaf. Ka sa mita a batir inji na aiki, in baka ga tsakanin volt 13.5 da 14.5 ba ka canza rektifaya, irin ta MOSFET tafi jure zafi, ka duba soket ɗinta ko ya narke, kafin ka fara jera fitilun LED.

In F3 ko F4 ne da kai kuma robobin suna nan ko da sun tsage, lallaɓa su zaka yi, ragowar kuɗin ya tafi taya da birki da fok. In robobin sun wuce gyara amma fitila da ƙarfenta lafiya, kayi odar injekshan ɗin China bayan ka tabbatar da shekara, ka ajiye tsofaffin a ɗaki kar ka zubar, mai saye zai tambaya. In F4i ne gabansa ya tafi gaba ɗaya kuma yawonka baya wuce cikin gari, kana da mai wayarin da ka yarda dashi, to tuɓe shi, amma ka sa a yi maka mariƙan da noti ba walda a jikin shasi ba, alminiyam ne, kuma wata rana zaka iya son mayar da bodin.